Maigidana yana dako da yagaggiyar tsoka, maganin kemis ya hana shi jin ciwon

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a cikin birnin Kano, muna da 'ya'ya 4. Maigidana ɗan dako ne a kasuwar Singa, shekararsa 44. Mako 6 da suka wuce yana hawa katako da buhun sukari a ka zai loda a mota, sai ƙafarsa ta zame, ya ce ya ji wani abu ya tsinke masa a bayan cinyar dama kamar an jefe shi da dutse. Washegari wurin ya kumbura ya yi zafi rau, daga baya fatar ta yi baƙi-baƙi har zuwa bayan gwiwa. Kwana 3 kawai ya kwanta, wani mai kemis ya yi masa allura ya kuma ƙulla masa haɗin ƙwayoyi a leda, da ya sha sai kumburin ya saɓe, ya koma kasuwa. Tun daga ranar kullum sai ya sha, safe da dare. Sau biyu ciwon yana dawowa sabo yana tsakar aiki. Yanzu akwai wani ƙululu mai tauri a wurin, cinyar ta fi ɗayar sirancewa, fuskarsa ta yi kumatu alhali jikinsa ya rame, yana kukan zafin ƙirji, da dare kuma yana yawan tashi fitsari. Na sa ƙanena ya karanto sunayen magungunan a kemis ɗin, ya ce akwai diklofenak da deksametazon. Hajiya mahaifiyarsa ta ce mataccen jini ne ya kwanta, a kira wanzami ya yi ƙaho, a kuma riƙa gasa wurin da tafasasshen ruwa ana murzawa da ƙarfi. Idan na ce a je asibiti sai ya ce in ya kwanta wa zai ciyar da mu, kuma wani zai maye gurbinsa a wajen Alhajin da yake yi wa lodi. Ina da adashi da zan ɗauka ƙarshen wata, da niyyar sayen keken ɗinki. Shin in ɓoye ƙwayoyin ne? Kuma yaya zan yi da Hajiya ba tare da na zama marar kunya ba?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba Baban yara lafiya, ya kuma saka miki da alheri, domin macen da ta lura da kumatun miji da yawan fitsarinsa na dare har ta aika aka karanto mata sunan magani, ta riga ta yi rabin aikin da likita zai yi. Zan fara da tambayarki ta ɓoye ƙwayoyi tun da ita ce mai gaggawa: kada ki ɓoye su, kada kuma ki zubar. Deksametazon yana cikin magungunan da ake kira sitiroyid, kuma jikin mutum yana yin irinsa da kansa a wasu ƙananan halittu guda biyu da ke zaune a kan ƙoda. Idan mutum ya ɗauki makonni yana haɗiyar na kemis kullum, waɗannan halittu sai su yi sanyi da aikinsu tun da an ɗauke musu nauyi, ta yadda in aka yanke maganin rana ɗaya jiki zai wayi gari babu na waje babu na ciki, mutum ya faɗi da kasala mai tsanani da amai da jiri, jininsa ya sauka ƙasa, abin har yana iya kaiwa ga rasa rai. Wanda ya sha shi mako 6 sai likita ya tsara masa yadda zai riƙa rage shi kaɗan-kaɗan. Wannan kaɗai ya isa hujjar zuwa asibiti cikin makon nan, ko da cinyar ba ta ciwo.

Yanzu bari in yi miki bayanin abin da ke faruwa a cikin cinyar, saboda na lura duk mutanen gidanku, da shi da Hajiya da mai kemis, abu ɗaya suka haɗu a kai ba tare da sun sani ba, wato sun ɗauki kumburi a matsayin cutar da za a kora. A bayan cinya akwai tsokoki 3 dogaye da suka taso daga ƙashin da mutum yake zama a kansa suka sauka har ƙasan gwiwa, su ne suke riƙe mutum lokacin da ya sunkuya ko yake hawa da kaya. Tsoka kuwa tarin zarurruka ce sirara da aka jera kamar zaren saƙa, kuma abin da ya ji ya tsinke wani kaso ne na waɗannan zarurruka tare da ƙananan hanyoyin jinin da ke tsakaninsu. Baƙin da kika gani yana gangarowa bayan gwiwa jinin da ya zuba ne a ciki yake bin nauyinsa zuwa ƙasa.

Zaren tsoka da ya mutu ba ya haifar wani, amma Allah cikin hikimarsa ya ajiye wa kowane zare 'yan ƙwayoyin halitta a maƙale a gefensa, ƙarƙashin wata siririyar riga da ta lulluɓe shi, suna kwance ba sa komai sai ranar da aka yi ɓarna. Wani masani a Amurka mai suna Alexander Mauro ne ya bayyana su a shekarar 1961, bayan ya hango su a tsokar kwaɗo da madubin ƙara girma mai aiki da lantarki, ya kuma sa musu sunan da ke nufin 'yan rakiya, don ya gan su a raɓe da zaren kamar yadda zara take raɓar wata. Mu kira su ƙwayoyin ajiya. Idan tsoka ta yage sai su farka, su rarrabu su yi yawa, sannan su haɗe da juna ko su manne da zaren da ya ji rauni su zama sabuwar tsoka, wasu kaɗan daga cikinsu kuma su koma barci don gaba. Yawansu da kuzarinsu yana raguwa da tsufa, amma mai shekara 44 yana da isassu.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, waɗannan ƙwayoyi ba sa tashi aiki da kyau sai kumburi ya tashe su. Ki tuna yadda ake yi idan katangar ƙasa ta zube da damina a unguwannin cikin birni: magini ba ya ɗora tubali a kan ɓaraguzai, sai yara sun zo da kwanduna da baro sun kwashe rusasshiyar ƙasar tukuna, kuma duk wanda ya wuce a lokacin ba abin da zai gani sai ƙura da hayaniya. Kumburin kwanakin farko shi ne wannan kwasar. Cikin sa'o'i kaɗan da jin rauni wasu fararen ƙwayoyin jini suke fara isowa, bayan kwana ɗaya zuwa biyu kuma sai manyansu da ake kira makurofej su cika wurin, suna cinye mataccen nama suna kuma fitar da sinadaran da ke umartar ƙwayoyin ajiya su farka su yawaita. Zafin da kika ji da hannunki da kumburin da kika gani alamar wannan aiki ne. Sannan wajen kwana na uku zuwa na huɗu sai waɗannan makurofej ɗin su sauya hali gaba ɗaya, su daina hura wutar kumburi su koma kwantar da ita, kuma wannan sauyin ne yake ba ƙwayoyin ajiya izinin daina rarrabuwa su fara haɗewa su zama zare. Masu bincike a Faransa sun nuna a 2007 cewa idan aka hana waɗannan ƙwayoyin jini isa ga tsokar ɓera da ta ji rauni, tsokar ba ta gyaruwa yadda ya kamata. Aikin a jere yake, kwasa sannan gini, kuma kowanne yana da kwanakinsa.

Diklofenak da danginsa irin su ibufurofen suna rage ciwo ne ta hanyar hana jiki yin wasu sinadarai da ake kira furostagilandin. A 2017 wata masaniya mai suna Helen Blau da abokan aikinta a Jami'ar Stanford ta Amurka suka nuna cewa ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai yana cikin saƙonnin da ke sa ƙwayoyin ajiya su yawaita, kuma ɓerayen da aka ba irin wannan magani bayan rauni ba su dawo da ƙarfin tsokarsu kamar sauran ba. A Siwidin ma an gwada matasa masu motsa jiki, aka ba wasu ibufurofen miligiram 1,200 kullum har mako 8, tsokarsu ba ta ƙaru kamar ta waɗanda ba a ba su shi ba. Gaskiya ce gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane ba duka suka zo da sakamako ɗaya ba, kuma wanda ya sha irin wannan magani kwana uku ko huɗu don ya samu barci bai yi wa kansa wata babbar illa ba, likitoci ma suna bayar da shi a haka. Amma mako 6 safe da dare, ga sitiroyid a kai, wannan wani zance ne daban. Deksametazon yana danne kumburi da ƙarfi fiye da diklofenak nesa ba kusa ba, kuma idan aka daɗe ana sha yana zaizaye tsoka da kansa, musamman ta cinya da ƙugu, yana tara kitse a fuska, yana ɗaga sukarin jini da hawan jini, yana kuma raunana garkuwar jiki. Kumatun da kika gani da ramar da yawan fitsarin dare duk sun yi kama da aikinsa.

Duk da haka, a ganina babbar ɓarnar da haɗin nan ya yi ita ce ɗauke masa jin ciwo. Ciwo shi ne mai gadin da ke hana mutum taka ƙafar da ba ta warke ba. Da aka rufe masa baki, sai Baban yara ya koma ɗaukar buhu mai kilo 50 a kan zarurrukan da ba su wuce kwana uku da fara toho ba, suka sake tsinkewa, kumburi ya koma farko, kafin ya kai ga sauyin nan na kwana na huɗu an sake danne shi da ƙwaya an sake yaga wurin da lodi. Sau biyun nan da kika ce ciwon ya dawo sabo, yagewa ce sabuwa kowane karo. Kumburin da aka hana shi kammala zagayensa ba ya tafiya, sai ya zauna ƙasa-ƙasa kamar garwashi cikin toka, kuma a irin wannan yanayi ƙwayoyin ajiya suna kasa haɗewa su zama zare, wasu ƙwayoyin kuma masu yin tabo su ne suke samun fili su cike gurbin da nama mai tauri wanda ba ya miƙewa ba ya kuma ɗaukar nauyi. Idan sukarin jini ya hau, abin ya ƙara cakuɗewa, domin yawan sukari yana riƙe makurofej a halinsu na farko na hura wuta, shi ya sa masu ciwon suga suke daɗewa da rauni.

Ƙululun da kika taɓa kuwa, hoto ne zai raba gardama. Yana iya zama daskararren jini, ko tabo, ko bakin tsokar da ta tsinke ta tattare wuri ɗaya, kuma a wasu lokuta jiki yakan shuka ƙashi a cikin tsokar da jini ya taru a cikinta, abin da yake fara fitowa a hoton ƙashi bayan 'yan makonni. Kowanne da yadda ake bi da shi, amma babu ko ɗaya a cikinsu da murza mai ƙarfi take yi wa amfani.

To sai mu zo kan Hajiya. Ina roƙonki kada ki ɗauke ta a matsayin abokiyar hamayya a wannan magana, domin uwa ce da ta ga ɗanta yana ɗingishi, ta kawo abin da ta gada kuma ta ga ya yi aiki a kan targaɗe da ciwon baya shekara da shekaru. Maganarta ma ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, tun da jini ya kwanta ɗin. Inda matsalar take shi ne jinin yana can cikin tsoka, ƙaho kuwa daga fata yake ja, kuma mutumin da sitiroyid ya raunana wa garkuwa, wanda muke zargin sukarinsa ya hau, tsagar aska a fatarsa tana iya zama gyambon da zai fi ciwon farko wahala. Don haka ba cewa za ki yi ƙaho ba shi da amfani ba, wannan ba maganar da suruka za ta ji daga bakinki ba ce, kuma ba a buƙatarta. Abin da za a nema a wajenta jinkiri ne kawai. Ki same ta ita kaɗai, bayan kin gaishe ta kin zauna, ki ce mata: "Hajiya, ni fuskarsa ce take ba ni tsoro, ki duba yadda ta kumbura, ga shi ba ya barci saboda fitsari. Ina jin tsoron maganin nan ya taɓa masa jini. Ko za ki sa baki ya je a auna shi kafin a kira wanzami, kada a tsaga shi ya ƙi warkewa?" Kin ga a nan kin mayar da ita mai ba da umarni, ke kuma mai kawo ƙara, kuma ɗa da zai iya ce wa matarsa ta bari, da wuya ya ce wa mahaifiyarsa haka. Gashin ma kada ki hana ta gaba ɗaya. A kwanakin farko na rauni zafi yana ƙara zubar jini a ciki, amma a mako na shida ruwan ɗumi da tsumma, wanda hannunki zai iya jurewa, na minti 15 ba tare da murza ba, yana sassauta wurin. Ki bar mata wannan aikin a hannunta idan likita ya amince, tafasasshen ruwan da murzar kawai za a ajiye.

Shi kuma Baban yara, ki yi masa adalci a zuciyarki kafin ki yi masa magana. Mutumin da abincin gidansa yake fitowa daga abin da ya ɗauka a ka a ranar, hannu baka hannu ƙwarya, idan aka ce masa ya kwanta wata guda kamar an ce masa ya zuba wa 'ya'yansa ido ne da yunwa. Tsoronsa na rasa gurbi ma gaskiya ne, kowa ya san yadda matasa suke tsaye a bakin kasuwa suna jiran a kira su. Saboda haka duk maganar asibiti da ba ta zo da amsar "me za mu ci" ba, zai ji ta ne kamar ta wanda bai san zafin nema ba. Ki zaɓi lokacin da ya ci abinci ya huta, yara sun yi barci, ki fara da lissafi kafin ki kawo zancen ciwo. Ki nuna masa cewa mako 6 ɗin nan da ya yi yana aiki rabi da rabi, ga kuɗin ƙwaya kullum, ga kwanakin da ciwon ya kayar da shi, sun riga sun kai tsawon hutun da yake gudu, domin yagewar tsoka matsakaiciya takan warke ne cikin mako 4 zuwa 8 idan an bi ta yadda ya dace. Ki kuma gaya masa a fili cewa ƙodarsa kike ji wa tsoro, don diklofenak yana rage jinin da ke zuwa ƙoda, kuma haɗarin ya fi yawa ga mai aikin ƙarfi a zafin Kano yana zufa ba ya shan isasshen ruwa. Kowane magidanci a garin nan ya san wani da ake kai wa wankin ƙoda, ya kuma san abin da hakan yake yi wa gida.

Game da gurbinsa, a nan ne nake ganin kuna buƙatar namiji babba ya shiga, yayansa ko amininsa ko shugaban 'yan dakon layinsu, ba ke ba kuma ba ƙanenki ba. Su je wajen Alhajin su gaya masa gaskiya, cewa yaronsa ya ji rauni ne a kan kayansa, su roƙa a ba shi aikin da ba na ɗauka ba na wata ɗaya ko biyu, kamar ƙirga kaya lokacin lodi, ko tsaron shago, ko raka mota, ko da kuɗin bai kai na dako ba. 'Yan kasuwa da yawa suna yin irin wannan alfarma ga wanda suka daɗe da shi suka kuma yarda da amanarsa, sai dai ba a cika tambayarsu ba saboda kunya. Idan hakan bai samu ba, wata hanyar ita ce ya kawo wani ƙaninsa ko ɗan ɗakinsa ya riƙe masa gurbin bisa yarjejeniyar za a riƙa ba shi wani kaso, ya karɓi abinsa in ya warke.

Adashinki kuwa haƙƙinki ne, shari'a ba ta ɗora miki ciyar da gida ba, kuma babu wanda zai zarge ki idan kika sayi kekenki. Amma tun da kin ambace shi na san zuciyarki ta riga ta karkata, don haka ga ra'ayina: kada ki ba da shi duka, kada kuma ki miƙa masa kuɗi a hannu ki ce na asibiti ne, domin akwai mazan da hakan yake yi musu nauyi har su ƙi tafiyar. Ki ware abin da zai isa kati da awo da hoto, ki sayi hatsi da kayan miya na 'yan makonni ki ajiye, sannan ki ce masa rance ne zai biya ki bayan ya koma aiki, ku sa lokaci. Kalmar rance tana tsare masa girmansa, ke ma tana tsare miki jarinki. Keken zai jinkirta da wata biyu ko uku, ki sa wannan a ranki tun yanzu don kada ya dawo ya zama abin gori wata rana.

Idan ya yarda, Asibitin Ƙashi na Dala shi ne ya fi dacewa da irin wannan rauni, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala duk suna da sashen gashi, wato fisiyo. Ku tafi da sassafe, ku riƙe ledar haɗin da sunayen da ƙanenki ya rubuto, ku gaya wa likita ainihin ranar da ya fara sha da sau nawa yake sha, ba tare da ragewa don kunya ba. Ku roƙa a auna sukari da hawan jini da aikin ƙoda, a duba zancen zafin ƙirjin, tun da diklofenak da sitiroyid idan suka haɗu suna ƙara haɗarin gyambon ciki mai zubar da jini, a kuma yi hoton sikanin na cinyar. Kafin ranar, diklofenak ɗin ana iya ajiye shi nan take a koma farasitamol, ƙwaya 2 masu miligiram 500 ba fiye da sau 4 a yini ba, amma idan ba ku iya bambance ƙwayoyin da ke cikin ledar ba, ku bar komai yadda yake ku gaggauta tafiyar. Allurar ɗuwawu a kemis kuma a dakatar da ita. Akwai alamomin da ba a jiran wayewar gari a kansu: bayan gida baƙi kamar kwalta, aman jini, fitsari mai kalar shayi ko raguwarsa sosai, kumburin sha-raɓa mai ciwo, numfashi sama-sama, zazzaɓi tare da wurin ya yi ja, ko ƙafar ta dinga mutuwa. Ko ɗaya kika gani, ku nufi sashen gaggawa.

Kada ya zaci hutun da ake nufi kwanciya ce a kan katifa har wata guda, wannan ma yana ƙara sirantar da cinyar. Sababbin zarurruka suna buƙatar a riƙa jan su a hankali don su jeru a miƙe su yi ƙarfi. A birnin Kofanhegan na Denmak an kwatanta 'yan wasa masu yagewar tsoka a 2017, aka ga waɗanda suka fara atisayen gyara kwana 2 bayan rauni sun riga waɗanda suka jira kwana 9 komawa wasa da kusan mako 3. Bambancin atisaye da dako shi ne na farko ana auna shi, ana ƙara shi mataki-mataki, ana tsayawa inda ciwo ya ce a tsaya. Likitan fisiyo zai koya masa motsin da zai riƙa yi a gida, ke kuma aikinki ki riƙa tuna masa safe da yamma. Alamar ya isa komawa lodi ita ce ya iya tafiya da sauri, ya hau bene, ya sunkuya ya ɗaga abu mai matsakaicin nauyi ba ciwo kuma ba ƙwaya a cikinsa, ƙarfin ƙafar ya kusa daidai da na ɗayar. Ko a lokacin ma da rabin buhu zai fara, domin makonnin farko na komawa aiki su ne tsokar bayan cinya ta fi saurin sake yagewa.

Ta ɓangaren tukunya, ƙwayoyin ajiya da kayan gina jiki suke gini, kuma ba sai nama kullum ba: wake, alala, ƙosai, awara, ƙwai, busasshen kifi a miya, nono da ƙuli-ƙuli duk suna yi, a rarraba su cikin abincin yini maimakon a tara a dare. Har sai an ga sakamakon awon sukari, ki rage masa lemon kwalba da shayi mai sukari da yawa, ki ajiye masa ruwa kusa da shi. In yana shan taba, wannan ne lokacin da ya fi dacewa a roƙe shi ya sassauta, don tana tauye jinin da ke kai wa wurin raunin abinci.

Ki fara da Hajiya gobe, tun kafin a aika wa wanzami, sannan yayansa, shi kuma ki same shi da lissafinki daren da kika ga fuskarsa a sake. Idan an yi awon, ki rubuto mini abin da sukarin da hoton suka nuna da kuma amsar da Alhajin ya bayar, mu ga abin da ya rage.